Kawu Mai Ɗanwaken China

Ranar da muka zauna karɓar gaisuwar Kawu, gidanmu na unguwar Manfuha a Riyad bai ɗauki mutane ba. Ciki da falo ne, mu shida muke kwana a ciki, sai muka jingine katifu a bango, muka shimfiɗa darduma har bakin matattakala. Shi kuwa yana can ɗakin ajiye gawa na asibiti yana jiran takardu, domin kafilinsa, mutumin da iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, ke ƙarƙashin sunansa, ya tafi hutu waje da iyalinsa washegarin rasuwar, kuma sai da sa hannunsa za a ba mu gawa. Haka muka yi ta amsa "ya haƙuri" a kan mamacin da ba a rufe ba.

Direbobi 'yan'uwansa ne suka fi yawa. Wani dattijo Basakkwace da suke ajiye mota a layi ɗaya ya riƙe hannuna ya ce, "Shekara takwas muna tare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba." Ba gaskiya ba ne, amma na ce Allah Ya ba da lada. Mai baƙalar da ke ƙasan benenmu, mutumin Yaman, ya hau da katan ɗin ruwa a kafaɗa, ya dire, ya ce Allah Ya jiƙansa da Larabci, ya sauka da sauri don ba kowa a shago. Wani ɗan Filifin mai sayar da kayan miyar ƙasashensu a kasuwar Bat'ha ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa ko ya cire takalmi ko ya bari. Ya miƙo mini leda, busasshen kifi ne a ciki, ya ce Kawu ne ya ce a ajiye masa. Samarin ɗakinmu kuwa abu ɗaya suke ta maimaita wa baƙi: "Ai shi ne mai ɗanwaken China."

Inna ta kira daga Kano. Ita ce mahaifiyata, kuma yayar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta ce, "Ya tafi haka nan, ko mai yi masa addu'a bai bari ba."

Ta san ya bari, kuma ta san na sani.

Shi ya sa nake rubuta wannan. In na bar shi a bakin mutane, abin da zai rage na Kawu shi ne wani direba mai haƙuri da ya iya wata irin girki. Ya fi haka, kuma bai kai haka haƙuri ba.

A cikin mota ya cika, da rana tsaka, a ƙofar makarantar 'ya'yan kafilinsa, yana jiran a tashi. Yaran suka fito suka yi ta ƙwanƙwasa gilas, injin na kunne, shi kuma kansa na jingine kamar mai gyangyaɗi. Likita ya ce zuciya ce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lokacin da na zo Riyad aikin wayarin a gine-ginen Dir'iyya, shi ya tarbe ni a filin jirgi. Ban san shi sosai ba. Ina ƙarami ya tafi Gwanzu ta ƙasar China yana sayo wa 'yan kasuwar Kwari kaya, daga baya ya dawo Kano ya yi 'yan watanni ba ya fita, sai kuma muka ji ya tafi Saudiyya. A gidanmu ba a zancen shekarunsa na China. In yaro ya tambaya, sai a ce kasuwa ce ta karye.

Juma'ata ta farko a Manfuha, na farka bayan asuba na ji ƙaurin kifi. Na leƙa kicin na tarar da Kawu tsaye da singileti, yana juya busasshen kifi a kan harshen wuta har gefensa ya soma baƙi. Ya jefa shi a tukunya tare da ƙashin kaza, da ɓawon jatan lande, da yankakkiyar citta, ya rage wuta har sai ka sunkuya za ka ga tana ci.

"Kawu, me ake dafawa?"

"Romo. Kada ka taɓa mini wutar nan. In ya tafasa da ƙarfi ya zama ruwan wanki."

Awa huɗu tukunyar nan take yi a kan wuta, yana kwashe kumfa da cokali yana zubarwa. Yana son romon ya fito garau, ka ga ƙasan kwano ta cikinsa. Tun daren Alhamis ya riga ya jiƙa kanwa ya bar ta ta kwanta. Wannan ruwan yake tacewa ya zuba cokali biyu a fulawa da ƙwai. Ya ce a can China suna da nasu ruwan da suke saye a kwalba, shi ke sa taliya ta yi tauri a haƙori, shi kuwa da kansa ya gano kanwar gida tana yin aikin. Yana alfahari da wannan fiye da duk abin da na ji ya yi alfahari da shi.

Kwaɓin mai tauri ne, hannu ba ya iya shi. A Gwanzu, in ji shi, doguwar gora ake sawa, mutum ya hau kanta yana dannawa da nauyin jikinsa. A Riyad ba gora, don haka abu na farko da ya roƙe ni shi ne in samo masa guntun bututun ƙarfe daga cikin tarkacen wurin aiki. Sai ya cusa bakinsa ɗaya a ƙarƙashin kantar kicin, ya sa kwaɓin a tsakiya, ya ɗora cinyarsa a ɗaya bakin yana tsalle-tsalle. Dattijo mai furfura, mai tumbi. Samarin ɗaki suna dariya, shi ko a jikinsa.

Rabin kwaɓin yake yanka taliya, siriri kamar zare. Ɗaya rabin ya murza shi da kwalba har ya zama kamar takarda. Gwajinsa shi ne ya ɗauko iƙamarsa ya shimfiɗa fallen a kai. In bai ga hotonsa ta ciki ba, to bai yi ba, sai ya ƙara murzawa. Ya yanka shi gida-gida, ya ɗora jatan lande da daddatsen cinyar kaza da aka cuɗa da man riɗi da farin masoro, ya dunƙule hannu sau ɗaya, sai ga ƙulli da 'yar jela kamar ta kifi. Wantan sunansa. Samarin ɗaki suka kasa riƙe sunan, suka ce ɗanwaken China, ya bi shi.

Bayan an sauko daga masallaci ake ci. Ba ya dafa taliyar a cikin romo, ruwanta daban. Ya jefa, ya ƙirga a zuci, ya tsame, ya tsoma a ruwan sanyi, ya sake tsomawa a na zafi. Wantan a ƙasan kwano, taliya a sama, romo, sai lawashi. In ya miƙo maka kana latsa waya, ransa ɓaci yake yi.

"Taliya ba ta jiran mutum. Ajiye wayar nan."

Amma shi da waya yake cin nasa. Yana gama raba mana sai ya ɗauki kwanonsa da 'yan tsinkayensa biyu ya shige ciki ya tura ƙofa. Mukan ji shi yana magana da wani yare mai hawa da sauka, muryarsa ta yi laushi kamar ba tasa ba, wata ƙaramar murya tana amsawa. Na yi wata uku ban tambaya ba.

Shi ya faɗa da kansa, wata Juma'a yana kan bututu yana haki. Ya ce a Gwanzu akwai wata 'yar rumfar taliya kusa da masaukinsa, ta wata tsohuwa da 'yarta. Kullum yana wucewa ba ya shiga, don da naman alade suke yi. Wata rana 'yar ta tsayar da shi ta nuna masa wata tukunya daban, sabuwa, da kaza a ciki. Ya ci. Ya yi shekara yana ci. Ta musulunta, aka ɗaura musu aure a masallaci, suka haifi 'ya mace. Ya rubuto wa gida, aka ce masa ba da yawun kowa ba. Yarinyar tana shekara huɗu bizarsa ta ƙare, sabuntawa ta gagara, ya yi ta ɓuya har aka kama shi a bakin titi da ledar madara a hannu. Aka tsare shi, aka sa shi a jirgi, aka hana shi komawa na wasu shekaru.

"Ban yi musu sallama ba," in ji shi. "Madarar ma a can ofishin aka bar ta."

Ya zo Saudiyya ne don ya tara abin da zai ɗauko su da shi. Yana shekara ta uku a nan matar ta kwanta ciwo, ta rasu. A waya ya ji. Yarinyar ta koma hannun kakarta.

"To uwar yarinyar ce ta koya mini wannan. In na daina yi, hannuna zai manta. In hannuna ya manta, me ya rage?"

Ban ce komai ba ranar. Da na ci gaba da yin shirun da ya fi.

A lokacin ina ji da kaina, ina zuwa darasi a masallacin unguwa, ina ganin na san abin da manya ba su sani ba. Wata Juma'a ya fito daga ɗaki da fara'a, ya nuna mana hoton yarinyar a teburin kakarta da kwano a gabanta. Baƙa ce kamar mu, gashinta a cukurkuɗe, idanunta irin na can. Wani a cikinmu ya tambaya, cikin wasa, ko naman me ke cikin kwanon. Ni kuwa na buɗe baki na ce:

"Kawu, kana nan kana kwaɓa fulawa, 'yarka tana can tana cin alade ba salla ba salati. Me za ka ce wa Allah?"

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ya ajiye wayar. Ya yi ihun da har mai baƙala ya jiyo daga ƙasa.

"Kai har ka isa! Sau huɗu ina neman bizar China, sau huɗu ana dawo mini da fasfo ba hatimi. Fasfon ma sai na durƙusa kafin kafili ya ciro mini shi daga durowa. Na ce a turo ta Kano, uwarka ta ce ba ta da wurin ajiye 'yar arna. Tsohuwar da kake zagi ita ke yi mata wanka, ita ke kai ta makaranta. Kai me ka taɓa yi mata? Sunanta ma ka sani?"

Ya ɗauki tukunyar romon, wanda ya tsaya a kansa tun asuba, ya juye a makwarara. Ya saka takalmi ya fita.

Juma'a biyar ba a kunna wuta ba. Muna kwana katifa kusa da katifa, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Ta shida na farka na ji ƙaurin kifi. Na shiga kicin na tsaya ina neman ta inda zan fara. Bai dube ni ba, ya nuna mini bututu da haɓa ya ce, "Gwiwata ciwo take. Hau." Na hau. Na ɗauka wannan ya wadatar. Har ya koma ga Allah ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake ɗauke da su.

Shekarar da aka yi kamen marasa takarda a Manfuha, unguwa ta rikice, mutane suka kulle kansu a ɗaka. A benen da ke bayan namu akwai wata tsohuwa Bahaushiya da muke kira Hajiya Babba. Tun tana budurwa ta zo aikin hajji da iyayenta, ba ta koma ba, ba ta kuma taɓa mallakar takarda ba. Waɗanda take zaune da su suka watse suka bar ta, ga ciwon suga, ga ba haƙora. Kawu ya riƙa dafa romo a ranakun da ba Juma'a ba. Tsakanin kai yara makaranta da ɗauko su, sai ya biyo gida, ya cika fulas, ya jefa wantan shida da ya dafa har suka yi luguf, ya haura mata. Na raka shi sau ɗaya. Ta kurɓa ta yatsine fuska.

"Ɗan nan, wane irin ɗanwake ne wannan, ba mai ba yaji?"

"Hajiya, haka masu shi suke ci."

"Allah Ya shirye su," in ji ta, ta shanye tas.

Kusan sati uku yana yi. Daga ƙarshe ta ce ta gaji da ɓuya, a kai ta inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Shi ya ɗauke ta a motar kafilinsa, abin da zai iya jawo masa kora. Ya riƙe mata ƙullin kayanta har bakin bas. Ta tambaye shi ko har yanzu ana shiga Kano ta ƙofar da ta sani, ya ce mata e. Da ya dawo ya zauna a bakin katifa bai cire takalmi ba, ya ce, "Na san irin motar nan. Kujerunta ma iri ɗaya ne." Ba mu sake jin labarinta ba.

Yana da wasu halaye da ba su da daɗin zama. Ba ya son a taɓa masa wuƙa. Ba ya ba da amsa in yana ƙirga. Yakan yi kwana biyu bai yi wa kowa magana ba, ba tare da an yi masa komai ba. In ana hirar gida, kowa na faɗin abin da zai gina in ya koma, sai ya tashi ya shiga wanka. Wani ya taɓa tambayarsa ina ne gida a wurinsa, Kano ko China. Ya ce, "Inda aka ba ni biza."

Yarinyar tana girma, hirar Juma'a tana raguwa. Da muna jin su rabin awa, har da dariya. Ta koma minti goma. Ta koma shi kaɗai ke magana. Ya ce mini yarensa na kasuwa ne, na ciniki da lodin kaya, ita kuwa yanzu tana magana irin ta 'yan makaranta, rabi ba ya ganewa. A shekararsa ta ƙarshe ta daina ɗauka. Zai shiga da kwano, mu ji wayar tana ta ƙara har ta katse, ya sake, ta katse. Sai ya fito da kwanon, taliyar ta kumbura ta shanye romon, ya zauna a cikinmu ya cinye ta a haka. Ba wanda ya taɓa ce masa komai. Kuma bai fasa ko Juma'a ɗaya ba.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti kafin takardu su kammala. Muka yi masa salla bayan la'asar tare da wasu gawawwaki huɗu da ba mu sani ba, aka kai shi maƙabartar da ke bayan gari. Mu tara ne a kan kabarinsa, don ranar aiki ce, mutane da yawa ba a ba su izini ba. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ya yi sanyi ƙwarai, har ta cikin likkafani.

Bayan kwana biyu wani ma'aikacin gidan kafilin ya kawo mini leda: agogonsa, tabarau, da waya. Na yi sati ina kallon wayar. Yarinyar ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci, ni kuma ban san kalma ɗaya ta yarensu ba. A wurin aikinmu akwai wani injiniya ɗan China da muke gaisawa da guntun Turanci. Na same shi lokacin hutun azahar, a inuwar wata kwantena, na yi masa bayani. Ya cire hular kwanonsa ya ce in kawo. Ya rubuta mata saƙo cewa wannan ba babanta ba ne, ɗan'uwanta ne, ta daure ta ɗauka.

Ta ɗauka. Hotonta ya fito a wayar, tana sanye da rigar makaranta, shekararta goma sha huɗu. Goshin Inna ne da ita sak. Taubashiyata ce, da a gida muka tashi da tsokana ce tsakaninmu. Injiniyan ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli gefe, ta yi kira, sai ga tsohuwar kakarta ta leƙo, 'yar ƙarama, ta ji, ta rufe baki da hannu ta zauna a ƙasa.

Yarinyar ta yi magana a hankali. Injiniyan ya juyo ya ce, "Tana tambaya ko ya yi fushi da ta daina ɗaukar waya."

Na ce a'a. Na ce ya san karatu ya yi mata yawa.

Ta girgiza kai ta yi wata doguwar magana. Injiniyan ya fassara. Ya ce ba karatu ba ne. Wata rana ƙawayenta sun zo gidan suka ga fuskarsa a waya, suka kai labari makaranta, aka yi ta yi mata dariya ana kwaikwayon maganarsa. Ta ce ta yi niyyar in ta gama wannan ajin za ta kira shi.

Na gaya mata duk Juma'a yana dafa abincin mahaifiyarta, kuma mutane da yawa sun ci. Ta tambaya ko yana da daɗi. Na ce ƙwarai. Tsohuwar ta ce wani abu daga ƙasa, injiniyan ya ce wai tana cewa kullum yana cika citta.

Aka busa usur na komawa aiki. Injiniyan ya duba agogo, amma bai tashi ba. Yarinyar ta matso da fuskarta kusa da waya ta sake yin tambaya.

"Ta ce a can da wani suna suke kiransa, wanda mahaifiyarta ta sa masa don nasa yana da wuyar faɗa. A takardunta ma ba sunansa. Tana so ka faɗa mata sunansa na gaskiya, yadda ake faɗa a garinku."

Na faɗa mata, da sunan mahaifinsa. Ta gwada, harshenta ya kasa. Na sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa. Ta ɗauko biro ta rubuta yadda ta ji a tafin hannunta, ta karanta, ta kusa. A karo na huɗu ta faɗe shi daidai, kamar a Kano aka haife ta, sai a lokacin kuka ya ƙwace mata.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka yafe masa abin da ya gagare shi, Ka yafe mana abin da bai gagare mu ba muka ƙi yi. Ka raya yarinyar nan, Ka tsare ta a inda take.